Satifiket ɗin TEFL na intanet: abin da yake tsinana wa malamin Turanci a Kano, da inda ba ya kai shi

Tallansa ya cika Facebook da zaurukan WhatsApp na malamai. Kwas ne na awa 120, ana yin sa a waya, mutum ya gama cikin sati biyu ko uku, a turo masa satifiket mai tambari da zanen hatimi, an rubuta cewa duniya ta amince da shi. Wasu masu shagon intanet a cikin gari ma sun mai da abin sana'a: su yi maka rajista, su ɗora tasu la'adar a kai. Masu saye yawanci kashi biyu ne, malaman makarantun kuɗi da ke son ƙarin takarda a fayil, da matasan da suka gama digiri suna harin aikin koyarwa a ƙasar waje ko ta intanet.

Hukuncinmu a taƙaice: a matsayin karatu yana da ɗan amfani, wani lokaci ma fiye da kuɗinsa. A matsayin takardar shaidar malanta a Najeriya, ba ya cikin lissafi ko kaɗan.

TEFL gajartaccen suna ne na fannin koyar da Turanci ga wanda ba harshensa ba ne. Ba sunan hukuma ba ne, ba kuma sunan wata jarrabawa guda ba, kamar yadda WAEC ko JAMB suke. Kowane kamfani na iya buɗe shafi, ya tsara darussa, ya buga takarda da wannan suna. Shi ya sa farashin ya sha bamban ƙwarai, daga ƙasa da dala 50 a lokacin rangwame zuwa ɗaruruwan daloli, alhali a ido duk takardun kamarsu ɗaya.

Abin da ke cikin kwas ɗin mai araha kusan iri ɗaya ne ko'ina. Babi goma ko sha biyu na karatu, ɗan bidiyo nan da can, sannan tambayoyin canki-canka a ƙarshen kowane babi, waɗanda ake iya maimaitawa har sai an ci. Awa 120 ɗin da aka rubuta ƙiyasi ne na kamfanin, babu mai riƙe maka agogo, kuma mai saurin karatu yana iya share shi a kwana uku. Waɗanda suka ɗan fi inganci suna neman ka rubuta tsarin darasi ɗaya ko biyu, wani malami ya duba ya maido da gyara. Idan za a saya, wannan ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a nema.

A yi masa adalci, akwai abubuwa a cikinsa da malaminmu ke buƙata. Yana koyar da yadda ake raba darasi kashi-kashi: a gabatar da sabon abu cikin misali, a sa ɗalibai su gwada shi da jagora, sannan a sake su su yi amfani da shi da kansu. Yana nanata cewa malami ya rage surutu, ɗalibi ya ƙara magana, wanda shi ne akasin abin da aka saba gani, inda malami zai cika allo da bayanin nahawu, yara su kwafa, a buga ƙararrawa ba wanda ya furta jimla ɗaya. Yana kuma hana tambayar nan ta "kun gane?", wadda amsarta kullum "eh" ce, ya nuna yadda ake yin gajerun tambayoyi da za su tona ko an gane ɗin. Wanda ya karanci Turanci a jami'a amma bai taɓa zama a ajin dabarun koyarwa ba zai ƙaru da waɗannan.

Matsalar ita ce babu aji a cikinsa. Babu wanda zai zauna a bayan ɗaki yana kallonka kana koyarwa, ya rubuta cewa ka ɓata minti goma sha biyar kana bayanin abin da misali biyu za su wadatar, ko cewa umarninka ya fi darasin kansa wuya, ko cewa yara biyar na gaba kaɗai kake tambaya. Irin waɗannan kurakurai ba a ganin su a karatu. Mutum zai iya cin kashi ɗari a tambayoyin babin sarrafa aji, ranar farko kuma 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare su birkita shi.

Sannan an tsara darussan ne da tunanin ajin manya goma ko sha biyu, kowa da littafinsa, da majigi a bango, da injin buga takardu a ofis. A makarantar gwamnati a Dala ko Gwale ko Fagge, malami na iya samun yara saba'in ko fiye a ɗaki guda, darasin minti 35 ko 40, littafi ɗaya a hannun mutum huɗu. Shawarar "raba su biyu-biyu ka zaga ka saurari kowa" ba ta aiki a haka sai an sake mata fasali: a raba su layi-layi, a naɗa shugaban kowane benci, a rubuta tattaunawar a allo tun kafin su shigo, a yi maimaici tare sannan a tsinci ɗaiɗaiku daga baya da tsakiya. Kwas ɗin ba ya faɗar ko ɗaya daga cikin wannan.

Babban giɓin da ya fi damunmu shi ne bai san Bahaushe ba. Misalansa na ɗalibin Sifen ne, ko na Sin, ko na Japan. Wanda zai koyar a Kano kuwa dole ya san inda Hausa ke jan harshen ɗalibinsa. Hausa ba ta bambanta p da f a matsayin sautuka biyu masu canza ma'ana, don haka pan da fan, ko pull da full, suke zama abu guda a bakin yaro, har ma a rubutunsa. Babu v, sai ta koma b. Sautukan th guda biyu kan koma s da z, think ta zama sink. Hausa ba ta son baƙaƙe su taru a farkon kalma, sai a cusa wasali a tsakani, school ta fito da gaɓa biyu. Wasulan Hausa biyar ne, gajeru da dogaye, ban da tagwaye, alhali Turancin da ake gwadawa a jarrabawa yana da kusan 20, shi ya sa cat da cut da cart suke rikita yara. A nahawu kuma akwai maimaita wakilin suna bayan suna, irin "my father he went", wanda ginin "babana ya tafi" ne aka ɗauko kai tsaye, da rikicin a da the, da "drink medicine". Waɗannan ba alamun daƙiƙanci ba ne, kurakurai ne masu tsari, kuma malamin da ya san asalinsu yana gyara su cikin 'yan makonni ta hanyar jera kalmomi biyu-biyu masu bambancin sauti ɗaya, a saurara tukuna, sannan a furta. Takarda ta uku ta Turancin WAEC, mai tambayoyi 60 cikin minti 45, kusan duk a kan sautuka da wurin danna murya take. Ɗalibin NCE da ya yi haɗin Turanci da Hausa ya fi mai riƙe da TEFL kusa da wannan ilimi nesa ba kusa ba, domin ya karanci tsarin sautin harsunan biyu.

Yanzu ga doka. Tsarin ilimi na ƙasa ya ajiye NCE a matsayin mafi ƙarancin takardar koyarwa, tun bayan da aka daina karɓar Giredi Tu. Karatun shekara uku ne a ƙarƙashin kulawar hukumar NCCE, wadda aka kafa a 1989, kuma a ciki akwai koyarwar gwaji ta tsawon zango, inda malaman kwaleji ke bin ɗalibi makarantar da aka tura shi su ba shi maki. A Kano ana yin sa a Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso, da tsohuwar FCE ta Kabuga, wadda aka ɗaga darajarta zuwa jami'ar ilimi, da kwalejin Aminu Kano da aka fi sani da Ligal, da kwalejin tarayya ta Bichi, da kuma cibiyoyin NTI, hukumar horar da malamai ta ƙasa, ga mai aiki da ba zai iya barin aikinsa ba. Mai NCE an shirya shi ne don firamare da ƙaramar sakandare. Babbar sakandare digiri take so.

A nan ne masu digiri da yawa ke yin tuntuɓe. Digirin Turanci zalla, ko daga Bayero ne ko daga ina, ba takardar koyarwa ba ce. Wanda ya yi digirin da aka haɗa ilimi da Turanci a tsangayar ilimi ya wuce kai tsaye. Wanda ya yi Turanci zalla, ko adabi, ko aikin jarida, ko mai HND, sai ya ƙara da diflomar ilimi, PGDE ko PDE, wadda a mafi yawan wurare zango biyu ce da koyarwar gwaji ta 'yan makonni. Ana yin ta a Bayero, da kwalejojin ilimi, da NTI a ƙarshen mako. Wannan gurbi ne masu tallan TEFL ke nuna kamar takardarsu na cikewa. Ba ta cike shi.

Hukumar da ke yanke wannan hukunci ita ce TRCN, mai yi wa malamai rajista, wadda aka kafa da doka mai lamba 31 ta 1993. Ta kasa malamai rukuni huɗu: A masu digiri na uku, B masu digiri na biyu, C masu digiri na farko, D masu NCE, kuma a kowane rukuni sai da takardar fannin ilimi a ciki. Tun 2017 ba a samun rajista sai an ci jarrabawar cancanta da ake kira PQE, wadda ake yi a kwamfuta. A fom ɗin babu gidan da za a cusa TEFL, balle a ɗora hotonsa.

Kada kuma a ɗauka PQE na auna iya koyar da Turanci. A tsarin da aka bi har zuwa 2025, tambayoyinta na ilimi ne gaba ɗaya: tarihin ilimi, falsafarsa, halayyar yara, manhaja, awo da tantancewa, fasahar koyarwa, ɗa'ar aiki, da ɗan Turanci da lissafi da kwamfuta. A wancan tsari, malamin Turanci da na kimiyya a rukuni ɗaya tambayoyi iri guda suke amsawa. Wato lasisin yana tabbatar da cewa mutum ya bi hanyar da doka ta shata, ba ya tabbatar da cewa ya iya raba ship da sheep. Wannan rauni ne na tsarinmu, kuma shi ne ƙofar da kwas-kwasan intanet ke shigowa ta cikinta.

Wajen rajistar, abin da ya fi ɓata wa mutanen Kano lokaci ba jarrabawar ba ce, suna ne. Muhammad a satifiket, Mohammed a sakamakon WAEC, Muhammadu a NIN. Ko wanda ya sa sunan unguwa ko garinsu a ƙarshe lokacin firamare, ya cire shi a jami'a. Ko ranar haihuwa ta bambanta tsakanin takardu biyu. A daidaita waɗannan tun kafin a fara cike fom, da takardar rantsuwar kotu, da sanarwar jarida idan canjin babba ne. Na biyu, kada a bar mai shagon intanet ya sa imel ɗinsa ko lambar wayarsa, domin duk saƙon ranar jarrabawa da sakamako can za su tafi, kuma bayan shekara biyu ba lallai shagon na nan ba. Na uku, kuɗin hukuma ta hanyar da hukumar ta tanada ake biya a ajiye rasit, ba a tura shi asusun wani mutum. Wanda kuma bai saba da linzamin kwamfuta ba ya je cibiyar gwajin JAMB ya yi atisaye na kwana biyu ko uku, don an sha faɗuwa saboda jinkirin hannu ba rashin sani ba.

Sai batun ƙasar waje, wanda shi ne zumar da ke cikin tallan. Ana buga hotunan Seoul da Dubai, ba a faɗin sharuɗɗan biza. Bizar koyar da Turanci ta Koriya ta Kudu an gina ta ne a kan fasfo na ƙasashe bakwai: Amurka, Birtaniya, Kanada, Ailan, Ostareliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu. Najeriya ba ta ciki. Kasuwar koyar da yaran Sin ta intanet, wadda ita ce ta haɓaka cinikin waɗannan takardu, ta durƙushe tun 2021 da gwamnatin Sin ta taƙaita darussan kuɗi na bayan makaranta. A Ingila, lokacin da aka buɗe wa malaman Najeriya ƙofar neman QTS, shaidar cancantar koyarwa ta can, a 2023, an taƙaita ta ga masu lissafi da kimiyya da harsunan waje, Turanci ba ya ciki, kuma daga cikin abin da ake nema har da wasiƙar shaida daga TRCN. Ga shi an sake dawowa kan hukumar gida. Jami'o'i da cibiyoyin ƙasashen Larabawa na yankin Gulf kuwa digiri suke fara tambaya, sau da yawa na biyu, sannan takardar koyar da Turanci ta CELTA ko makamancinta. Shafukan koyarwa ta intanet irin su Preply da italki su ne inda TEFL mai araha ke iya ɗan taimakawa, domin yana ƙawata bayanin mutum, amma a can ma abin da ke kawo ɗalibai shi ne bidiyon gabatar da kai, da tsayayyen intanet, da wutar da ba za ta ɗauke a tsakiyar darasi ba. A Kano wannan na nufin sola ko inbata, kuɗin da ya ninka na satifiket ɗin sau da yawa.

Tunda an ambaci CELTA, ita ce ma'aunin da ya dace a gwada kowane kwas da shi. Ta jami'ar Kambirij ta Ingila ce. Ita ma awa 120 ce, amma na zama da masu horarwa, da awa 6 na koyar da ɗalibai na gaske a matakai biyu ana kallonka ana ba ka maki, da awa 6 na kallon gogaggun malamai, da rubuce-rubuce huɗu na kalmomi 750 zuwa 1,000 kowanne. Ana tantance mutum da gwaji da hira kafin a ɗauke shi, ana son Turancinsa ya kai matakin C1 mai ƙarfi ko C2, wato matakai biyu na ƙoli a ma'aunin ƙwarewar harshe, kuma ana faɗuwa. Cikakken lokaci sati huɗu zuwa biyar ne, kuma tun 2020 ana iya yin ta gaba ɗaya ta intanet, har da koyarwar gwajin. CertTESOL ta hukumar jarrabawa ta Trinity da ke Landan ita ma haka take, da awa 6 na koyarwa a gaban mai dubawa. Aibinsu tsada: a yawancin cibiyoyi CELTA ta haura fam dubu, abin da malamin makarantar kuɗi a Kano zai daɗe bai tara ba. Kuma ita ma, duk da darajarta a waje, ba ta maye gurbin PGDE a wajen TRCN.

Tsakanin biyun akwai TKT, ita ma ta Kambirij, wadda ba a cika tallata ta ba saboda babu la'ada mai yawa a cikinta. Jarrabawa ce ba kwas ba, kashi uku na asali, kowanne tambaya 80 cikin minti 80, sakamako daga mataki na 1 zuwa na 4, da wani kashi na musamman kan koyar da ƙananan yara. Ba ta da koyarwar gwaji, amma a ƙarƙashin sa ido ake rubuta ta, don haka makin na wanda ya zauna ne. Ga mai NCE ko PGDE da ya riga ya yi koyarwar gwaji, ita ce ƙarin da ya fi ma'ana, matuƙar ya tabbatar da cibiyar da za a rubuta ta a shafin Kambirij kafin ya biya kowa.

Wanda duk da haka ya ƙudura sayen TEFL, akwai abubuwan da zai duba kafin ya fitar da kuɗi. Idan an ce kwas ɗin "mataki na 5" ne, ya nemi lambar takardar, ya bincika ta a rajistar Ofqual, hukumar da ke kula da takardun shaida a Ingila. Rajistar a buɗe take ga kowa. Idan sunan da aka ce shi ya tantance kwas ɗin ba a samun sa ko'ina sai a shafin kamfanin, ko adireshinsu ɗaya da kamfanin, to kamfanin ne ya tantance kansa. Ya tambaya ko akwai mutum mai duba aiki, da kwana nawa yake ɗauka kafin ya maido da gyara. Ya tambaya ko kuɗin satifiket na cikin farashin, domin wasu sai an gama suke cewa a biya kafin a sauke takardar, a sake biya idan ana son ta kwali. Ya duba wa'adin shiga shafin, wanda galibi 'yan watanni ne, ƙarinsa kuma da kuɗi. Sannan biyan kansa: katin naira ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba, kuma a nan ne dillali ke shigowa ya ce a ba shi ya biya. Idan ya zama dole, a tabbatar an buɗe asusun da imel ɗin mai karatun, da sunansa yadda yake a fasfo harafi da harafi. Wanda kuma ya ce zai amsa maka tambayoyin ya kawo maka takarda kawai, ya cire maka ɗan abin da ke da amfani a cikin cinikin, wato karatun.

Ga masu makarantu da cibiyoyin lesin na yamma da suka yawaita daga titin Zoo zuwa Kabuga da Hotoro, takardar TEFL a fayil ɗin mai neman aiki ba dalilin ɗauka ba ce, ba kuma dalilin ƙi ba. A fara da NCE ko digirin ilimi ko PGDE, da lambar TRCN. Bayan haka a ba shi aji na gaske na minti 20, da maudu'i ƙarami kamar bambancin "I went" da "I have gone", a zauna a baya da agogo. A lura minti nawa ya yi yana magana, yara nawa suka buɗe baki, ko ya rubuta misali kafin ƙa'ida, da abin da ya yi lokacin da yaro ya yi kuskure: ya yi masa tsawa, ya gyara masa da kansa, ko ya ba shi dama ya gyara. A duba yadda yake amfani da Hausa. Jimla ɗaya ta Hausa da ta warware umarni a ajin 'yan farko riba ce, amma fassara kowane layi na littafi hana yara koyo ne. A ƙarshe a sa shi ya rubuta wasiƙa ta kalmomi 450, tsawon da WAEC ke nema daga ɗalibai, a nan ofis, da biro, ba waya a hannu, a kuma ba wani malamin Turanci ya duba ta ba tare da ya ga sunan mai rubutun ba.